Shekarar da Baba Ya Bar Maiƙo

Ku 'ya'yana da jikokina, da ku jikokin Bawa, na sha jin ku kuna ba wa baƙi labarin gidanmu, kuna cewa Alhaji Bawa ne ya kai mahaifinmu Makka da ƙafa, tun zamanin da ba a san jirgin sama ba. Ba ƙarya kuke yi ba. Sai dai kullum daga bakin gari kuke fara labarin, ranar da suka ɗauki sanda, alhali mutumin da ya fita ranar nan, shekara guda kafin haka ko tsakar gidansa ba ya iya ƙetarewa sai ya tsaya ya huta. Ni Hajo, yayar Bawa uwa ɗaya uba ɗaya, zan gaya muku abin da ya faru a wannan shekarar tun ina da sauran numfashi. In kun ji kishi a muryata kada ku ce tsufa ne. Tun ina da ƙuruciyata yake nan, kuma ban zo ba kowa haƙuri a kansa ba.

Baba fatoma ne a Gusau, wato a gidansa fatake ke sauka da jakunansu da kayansu. Da ƙuruciyarsa shi ma bafatake ne, ya taka har ƙasar goro ya dawo, amma da ya zauna sai ya zauna ɗin gaske. Ba ya yarda baƙo ya ci abinci shi kaɗai, baƙi kuwa ba sa yankewa. In ayari ya sauka da hantsi a dama fura da nono ya sha da su, wani ya iso da azahar a kawo waina da miyar taushe ya zauna, da yamma a yanka rago. Fulanin da ke kawo mana man shanu sun san gidanmu kamar rugarsu. A wancan zamani ƙiba girma ce, in ya wuce a kan ce ga mai wadata nan. Tun da Inna ta rasu babu mai ce masa ya isa. Ni kuwa da na gama takabar mijina na farko na dawo gida, ba ni da ɗa, ba ni da abin yi sai girki, kuma hannuna yana da nauyi wajen mai. Bawa ƙanena yana da mata da yara biyu a sashensu, aikinsa kula da jakunan baƙi da raka fatake kasuwa. Mutum ne mai bakin ban dariya. In ya shiga zaure za ka ji Baba yana ƙyaƙyatawa tun daga madafa.

Wata rana da la'asar a masallacin unguwa Baba ya yi sujada ya kasa ɗagowa. Liman ya sallame, mutane suka juya suka gan shi goshi a ƙasa yana nishi, sai da maza suka taru suka ɗaga shi. Da aka kawo shi gida, abincin da na kai masa ma bai dube shi ba. Washegari ya kira mu ni da Bawa.

"Tun ina kan hanyar goro na yi wa Allah alkawari zan je Ɗakinsa," in ji shi. "To, wanda bai iya tashi daga sujada, ina zai iya hanyar gabas? Ku nemo mini mai magani."

Aka ɗauko wani tsoho daga 'Yandoto wanda ya yi suna wajen ciwon ƙafa da na numfashi. Ya danna ƙafar Baba da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi dawowa. Ya saurari numfashinsa. Ya bar masa sassaƙe na jiƙawa, amma ya ce wannan ba shi ne maganin ba. Ya tambaya wa ke dafa masa abinci, aka kira ni na durƙusa a bayan ƙofa.

"Ɗiyata, maganin wanga mutum yana hannunki," ya ce. "Ba man shanu, ba kitse, ba abin da aka soya. Fura da nono a ɗauke. Zuma a ɗauke. Tuwo sau ɗaya a yini, kada ya wuce dunƙulen hannunki, ba nasa hannun ba. Ganye ya ci iyakar cikinsa. Bayan magariba ruwa kawai. Kuma kullum da safe ya taka, ko zuwa bakin zaure ne. In kin ji tausayinsa kin kashe shi."

Haka aka raba mana aiki ba tare da kowa ya ce an raba ba. Tafiyar safe ta Bawa ce, don ni mace ce mai zaman gida. Hanawa kuwa tawa ce.

Da fari ban san komai ba sai in tafasa zogale in sa gishiri, gobe in tafasa rama in sa gishiri, jibi in koma kan zogale. Baba yakan buɗe akushi ya dube shi, ya dube ni, ya rufe. Mutumin da da can in na kai masa abinci sai ya sa mini albarka har in gaji da amin, ya koma ko sallamata da ƙyar yake amsawa. Ƙamshin abincin baƙi na shiga masa ɗaki, don ba a daina dafa musu ba, shi kuwa ga koren ganye a gabansa. Duk da haka da rana sai in ji dariyarsa a zaure in Bawa ya dawo daga kasuwa. Nakan tsaya da muciya a hannu ina saurare, zuciyata na tafasa. Ni ke tashi tun asuba, ni ke shan hayaƙi, amma fuskar da ake ɗaure wa tawa ce, dariyar kuwa ta Bawa.

Ana cikin haka na lura kumburin ƙafar Baba bai saɓe ba ko kaɗan. Ran nan ina wanke rigarsa sai na ga ɗigon mai a ƙirjinta. Na shinshina, ƙamshin ƙuli da yaji ne. Na jira Bawa ya shigo da rana, na tare shi a soro na sa hannu a aljihunsa, na ciro tsire naɗe a ganye, da ɗuminsa, daga wajen mahautan kasuwa.

"Bawa, mi ke nan?"

"Haba Yaya, tsinke biyu ne kawai. Tsoho ne fa, kin mai da shi akuya."

"Kana wurin mai magani ya yi magana ko ba ka wurin?"

Kafin ya amsa sai muryar Baba ta fito daga zaure.

"Ƙyale shi, Hajo. Shi tausayina yake ji. Ke kuwa gadina kike yi."

Na koma madafa na zauna kan turmi na yi kuka mai isata. Da hawayen suka tsaya sai na buɗe tsiren nan na sa shi a gabana ina dubansa kamar abokin gaba. Na tambayi kaina, me wannan abu yake da shi da ya ƙwace mini uba? Naman da ke jikin tsinken bai cika baki uku ba. Abin da ke jan Baba shi ne ƙamshin wuta, da yaji, da abin da haƙori zai kama ya tauna. Ni kuwa kullum ruwa-ruwa nake kai masa, launi ɗaya, ɗanɗano ɗaya. A nan na rantse sai na kayar da tsiren Bawa, kuma ba zan karya dokar tsohon 'Yandoto ko ɗaya ba.

Da yamma na daka citta da masoro da kimba da barkono da ɗan gishiri, na barbaɗa ƙuli kaɗan don ƙamshi kawai. Na yanka yalo da kabewa da albasa manya-manya, na soke su a tsinke, na gasa a bakin garwashi har gefensu ya yi baƙi-baƙi, na birkiɗa su a yajin, na naɗe a ganye kamar yadda mahauta ke yi. Baba ya buɗe, ya ɗauki ɗaya ya tauna.

"Wannan ai zamba ce," ya ce.

Amma ya cinye, har ya lashe ganyen.

Daga ranar ban sake kai masa abu ɗaya kwana biyu a jere ba. Na aika wa gwaggonmu da ke Karakkai, duk mai zuwa Gusau sai ta ba shi ƙullin abin da daji ya bayar a lokacin: tafasa, yaɗiya, ɗinkin, lalo, wani ganyen ma sunansa kawai na sani. Daga Bungudu nake sa a sayo mini busasshen kifin gulbi. Na gane cewa in an cire mai daga miya dole a sa wani abu a gurbinsa, in ba haka ba harshe zai yi ta nemansa. Yau tsami zan ba shi, yakuwa da kifi da daddawa. Gobe ɗaci, gauta da aka dafa da lawashi. Jibi yauƙi, kuɓewa ɗanya da ɗan tuwon nan nasa, in yanka masa shi ƙanana in jera a faranti don ido ya ga kamar da yawa. Nakan turara zogale da ɗan tsaki ya zama dambu, ganyen ya ninka tsakin. Nakan binne kabewa a toka mai zafi har ta yi zaƙi da kanta. In an sami zabo sai in feɗe fatar in gasa masa ƙirjin, ƙashin in yi masa romo mai yaji in kwashe maiƙon da ya taso. Lokacin da fara ta sauka nakan gasa masa ita ba mai. Furar da yake kuka da rashinta na maye ta da jiƙon tsamiya, wata rana zoɓo da citta da kanumfari, a sabon tulu don ya yi sanyi. In kwaɗayin zaƙi ya taso masa da yamma, in ba shi goruba ya yi ta gwagwiya har kwaɗayin ya wuce. Har akushi nake sauya masa, yau na itace, gobe ƙwarya.

Sai ya zama tun da hantsi Baba yake aiko tambaya me za a ci yau, ni kuwa in ƙi faɗa. Bawa ya daina kawo tsire, don an daina tambayarsa. Ƙafar ta fara saɓewa, numfashin ya daidaita. Wata rana ya gama cin faten kabewa da yakuwa, ya jingina da bango, ya dube ni da fuskar da na daɗe ban gani ba.

"Hajo, Allah ya yi miki albarka. In Allah ya nufa na tashi, wanda ya tayar da ni da shi zan tafi."

Na ɗauki maganar nan na adana ta a zuciyata. Mata suna zuwa Makka da ƙafa a lokacin, mun ga ayarin da suka wuce da mata har da goyo. Ba ni da miji, ba ni da ɗa, me zai riƙe ni? Ina tuƙa tuwo ina ganin kaina a hanyar gabas.

Amma a waje labarin daban ne. Tafiyar safe ta tashi daga bakin zaure ta kai masallaci, ta kai kasuwa, ta kai bakin gulbi. Duk inda suka bi, Bawa na gefensa riƙe da buta, mutane na fitowa suna kallo. Matan da ke shigowa gidanmu sai su ce mini, "Kai, Bawa ɗan albarka ne, dubi yadda ya tsaya wa tsoho." A gabana, ina tsinke ganye, yatsuna sun yi kore. Nakan ce haka ne, sannan in daka yaji da ƙarfin da taɓarya ba ta saba ba.

A daminar shekarar ne Malam Idi ya fito neman aurena. Manomi ne a Bungudu, shi ke kawo mini kifin nan, matarsa ta rasu ta bar masa ɗiya ɗaya. Mutum ne mai sanyin magana, in ya zo yakan tsaya a soro ya tambaye ni yadda na sarrafa kifin wancan zuwan, ya saurara kamar ana ba shi labarin yaƙi. Ba zan ɓoye muku ba, na so shi. Ya ce yana son a ɗaura da kaka, don gidansa ba mace kuma mahaifiyarsa ta tsufa. Baba ya yi murna, ya kira ni.

"Ki tafi ɗakinki, Hajo. Mutumin kirki ne. Abin da ya rage matar Bawa ta ƙarasa, ai ta ga yadda kike yi."

Da jin haka sai na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Wato in share gona, in shuka, in yi noma, sannan gidan Bawa su girbe? Ga tafiyar safe tasu, ga yabon gari nasu, yanzu kuma har tukunyar? Na ce wa Baba ba yanzu ba. Da Malam Idi ya dawo na ce masa ya jira.

"Har yaushe, Hajo?"

"Ban sani ba, Malam. Mai yiwuwa gabas zan yi da Baba."

Ya ce, "Allah ya kai ki lafiya. Ni ba ni da halin jiran wanda ya tafi gabas." Kafin a gama sussuka ya auri wata 'yar garinsu. Bai daina aiko da kifin ba, amma shi bai sake takowa ba.

Da rani ya shigo Baba ya zama wani mutum. Sai da aka kai rigunansa wurin maɗinki aka rage su. Ya taka zuwa Bungudu ya kwana ya dawo. Bayan haka ya taka har Tsafe, ya wuce 'Yandoto ya gaida mai maganin, wanda aka ce da farko bai gane shi ba. Da ya dawo ya ji labarin wani ayari da zai tashi gabas, sai ya tara mu da hantsi a tsakar gida, har da matar Bawa. Ya ce shi da Bawa za su tafi. Ya ce gida da baƙi da iyalin Bawa ya bar su a hannuna, tare da wani ɗan'uwansa da zai riƙa zama a zaure, don ba shi da wanda ya yarda da shi kamar ni.

Na ce, "Baba, ka ce wanda ya tayar da kai da shi za ka tafi."

Ya dube ni da mamaki na gaskiya, ba na wasa ba.

"To ai shi na faɗa. Wa ke kama hannuna kullum safiya in miƙe? Ba Bawa ba?"

Bawa ya sunkuyar da kai. Ya sani, ni ma na san ya sani, amma bai ce komai ba. Ban kuma ga laifinsa sosai ba, da ni ce ma ba zan ce komai ba. Na tashi na shiga madafa. Kwanakin da suka rage na shanya zogale da kuka da yakuwa, na daka yaji, na ƙulla daddawa, na cika musu burgami da su. Na zaunar da Bawa na gaya masa abin da zai ba Baba da abin da zai hana shi, yana ta cewa to. Ranar tafiya gari ya raka su, ni kuwa iyakata soro. Ta kafar ƙofa na hangi bayan Baba, siriri, yana tafiya da sauri kamar saurayi, Bawa na gefensa yana faɗa masa wani abu, shi kuma yana dariya.

Na riƙe gidan shekaru. Yaran Bawa a hannuna suka yi wayo. Sai da ƙuruciyata ta kusa ƙarewa sannan na auri mahaifinku, ku 'ya'yana, Allah ya ji ƙansa, kuma da sharaɗin zan zauna kusa da gida har matafiya su dawo. Lokacin da Bawa ya dawo, jirgin ƙasa ya riga ya fara shigowa Gusau. Shi kaɗai ya dawo. Sun yi aikin hajji, sun ziyarci Madina, a hanyar dawowa zazzaɓi ya kama Baba a wani gari na ƙasar Sudan, can aka binne shi. Gari ya cika gidanmu, kowa na son taɓa hannun da ya taɓa Ɗakin Allah. Tun ranar sunan Bawa ya ɓace, sai Alhaji.

Ya rame har ƙasusuwan wuyansa sun fito. Da mutane suka ragu na tuƙa masa tuwon dawa da miyar kuka, na kai masa da kaina, na zauna nesa kaɗan. Ya ci loma biyu sai ya ajiye hannu.

"Yaya, kin san abin da na sha a hanyar nan? Ba yunwa ba, ba ƙishirwa ba. Sunanki. Duk abin da na dafa masa sai ya ce Hajo ba haka take yi ba. In na samo masa ganye ya ce Hajo da ta sa tsami. Ranar da yajinki ya ƙare bai yi mini magana ba sai washegari. Na goya shi a bayana mun ƙetare ruwa, muna fita ya ce da Hajo na nan da yanzu ta haɗa mana wani abu mai zafi. Wallahi akwai ranar da na ji ba na son in sake jin an ce Hajo."

Na ji daɗi. Daɗin da na ji ya kai har tafin ƙafata. Na tashi na ɗebo man shanu cike da ludayi na zuba masa a miyar, na ce ya ci ya mai da jikinsa. Muka yi dariya tare, karo na farko tun muna yara.

Sannan na tambaye shi abin da ke raina tun da na ga ya shigo shi kaɗai.

"Da zai cika, wa ke kusa da shi?"

"Ni. Kansa na kan cinyata."

"Wa ya rufe masa ido?"

"Ni, Yaya."

Na ce Allah ya ji ƙansa. Na ɗauki ludayina na koma madafa, na zauna ina kallon wuta har ta mutu. Bayan shekaru Bawa ya rasu, mun rabu lafiya, ni na shayar da shi ruwa a ciwonsa na ƙarshe. Amma wannan cinyar, ku yara, har yau da nake muku maganar nan ina jin tawa ce ta kamata.